Sifilin da Na Ba Asabe

Zuru,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya kai ki Dirin Daji lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikinki. Mamanki ce za ta saka takardar nan cikin jakarki, domin kin san halina, in na ce zan yi miki magana baki da baki sai ta koma lacca, ke kuma ki fara satar kallon wayarki. A takarda dai ba ki da damar katse ni.

Tun ranar da kika shigo da takardar ɗaukar aiki kika ce an ba ki aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma labarin ƙasar jiharmu za ki fara koyarwa, bakina ya ƙi rufuwa. Darasin da na yi shekara talatin da ɗoriya ina fama da shi ke nan. Mamanki har tsokanata take yi, wai in rage yawo a unguwa ina ba da labari, kada mutane su zaci gwamna aka naɗa ki. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Amma akwai dalilin da ya sa na zauna rubutu. Cikin yaran da za su zauna a gabanki akwai wata yarinya mai suna Godiya. Uwarta, Asabe, ɗalibata ce a da, kuma ni ne sanadin barinta makaranta. Asabe ta faɗa mini da bakinta cewa zango ɗaya ta ba yarinyar. Idan ta ga makaranta na neman yi wa ɗiyarta abin da ta yi mata, za ta cire ta ta zaunar da ita wurin awon hatsi. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara in zayyana miki kurakuraina da kaina, kada ki tafi da tunanin cewa tsohonki bai taɓa yin kuskure a aji ba.

Na fara koyarwa ba da daɗewa ba bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato. Kin san kakanki soja ne, a bariki na tashi, garin nan sai hutu ke kawo ni. Na dawo gida da Turanci a baki da biro biyu a aljihu, ina ganin ni ne na kawo wa Zuru ilimi a cikin jaka. Yadda nake darasi kuwa ɗaya ne kullum. In shigo, in juya wa yara baya, in cika allo da rubutu tun daga wannan kusurwa har waccan, su kwafa, in goge, in sake cikawa. Litinin iyakokin jiha, Talata koguna, Laraba amfanin gona, haka har mako ya ƙare. In ƙararrawa ta kusa sai in juyo in ce, “Kun gane?” Su kuma su amsa baki ɗaya, “E, Malam.” Ni da su duk mun san ba gaskiya ba ne, amma kowa na son a tashi lafiya.

Wata rana aka turo mana sufeto daga Birnin Kebbi, wani dattijo mai sanyin magana. Na shirya yara tsaf, suka rera masa sunayen ƙananan hukumomi kamar waƙar coci, ba wanda ya yi tuntuɓe. Ya gyaɗa kai, sannan ya tambaye su da Hausa, “To, ’yan makaranta, ina arewa?” Hannu arba’in suka tashi suka nuna rufin kwano. Ya ce, “Kudu fa?” Suka nuna siminti. Dattijon ya dube ni ya ce, “Malam, ashe ƙasar Nijar bisa kwanon ajinka take.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Laifin ba na yaran ba ne, tun da suka shigo ajina a jikin bango suke ganin taswira, arewa a sama, kudu a ƙasa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ciro taswirar daga ƙusa, ya fitar da mu gindin mangwaro, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya ce wa ya san inda hadari ke tasowa da damina. Duk suka nuna gabas, har da waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba. Daga nan ya juya takardar har gabas ɗinta ya dace da nasu, ya ce wani yaro ya nuna hanyar Wasagu, yaron ya nuna daidai.

Don haka, Rahila, a makonki na farko ki sauko da taswira daga bango. Ki fita da su waje, rana ba za ta narkar da ke ba. Yaron da ke kai wa ubansa abinci gona ya san gabas da yamma tun kafin ya san harafi, aikinki shi ne ki haɗa abin da ya sani da abin da ke kan takarda. Kuma ki daina tambayar “kun gane?” tun kafin ki fara ta. Ki zaɓi wanda ya fi kowa shiru ki ce ya faɗa miki da bakinsa. In Turanci ya gagare shi ya faɗa da Hausa, in Hausar ma ta yi masa nauyi ya faɗa da C’lela, ai ke ma kina ji. Ni na sha sa yara durƙuso don sun yi yarenmu a aji, alhali da shi nake gaida uwata kowace safiya. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Sai maganar aikin gida, wanda a nan ne na fi yin ɓarna. Kullum sai na ba da shi, don a wancan lokacin ina ganin malamin da ba ya ba da aikin gida rago ne. Abin da na fi so shi ne in ce a zano taswirar jiha a nuna koguna da manyan garuruwa. Littafin da taswirar ke ciki kuwa bai wuce yara biyar ko shida ke da shi ba, ’ya’yan ma’aikata da na sojoji. Kin san dabarar da suka ƙirƙiro? Sai su yagi takarda su shafa mata kananzir ta yi shara-shara, su ɗora a kan littafi su bi layi da fensir, sannan su mayar cikin littafin rubutunsu. Wanda ba shi da littafi ya bi mai shi da roƙo, ko ya ba shi gyaɗa. Ranar da na tara littattafai, ofishin malamai sai ya riƙa wari kamar an zubar da fitila. Hancina lafiya lau yake, na san abin da ake yi. Amma zanen ya fito fes, kogin Kwara ya lanƙwasa inda ya kamata, Yauri na zaune a gefensa, sai in dangwala goma bisa goma in wuce. Shekara da shekaru kananzir nake ba maki.

Ban kuma taɓa tsayawa na tambayi kaina yaushe yaran za su yi aikin ba. Da damina yaro na tashi daga makaranta gona zai wuce. Da kaka kuwa har ranar makaranta ake aron su don yankan dawa. Yarinya ta dawo ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ta goya ƙaninta. Washegari in tsaya a ƙofar aji da bulala ina kiran su malalata, ni da ban taɓa yin kunya goma a jere a gona ba.

Shawarata a nan ita ce, kada ki ba da aikin da sai mai littafi zai iya yi. Ki ba da kaɗan, wanda za a iya yi a hanyar gona ko a bakin murhu. A shekaruna na baya-baya, bayan na yi hankali, nakan ce kowa ya kafa gwangwanin madara a tsakar gida, in an yi ruwa ya auna da tsinke ya zo ya faɗa mana. Nakan ce a tambayo kaka sunan ƙoramar da ke bayan gari da inda take zubawa, ko a ƙirgo irin hatsin da aka gani a kasuwa da garin da aka kawo shi. Ranar bayar da amsa ajin kan kaure da gardama, ni kuwa in harɗe hannu ina jin daɗi. Har wani tsoho ya taɓa takowa daga Dabai da sandarsa, wai jikansa ya ce na rubuta sunan wani dutse ba daidai ba. Ya tsaya a gaban aji ya gyara mini, na goge na sake rubutawa, yara suka yi ta dariya, ni ma na taya su. Waɗannan shekarun su ne mafi daɗi a aikina, ina kuma gode wa Allah da ya bar ni na gan su. Kuma duk aikin da kika bayar ki duba shi. Yaro kan gane da wuri in ana sa masa alamar biro ba a karanta ba.

Yanzu bari in zo kan Asabe. Abin ya faru ne tun ina cikin zamanin kananzir. Yarinya ce ’yar shekara goma sha biyu ko sha uku, daga wani ƙauye a kan tudu bayan Dabai. Da ƙafa take zuwa, ba ta makara, ba ta kuma magana in ba an tambaye ta ba. Na ba su aiki ranar Juma’a, na ce kowa ya zano Jihar Kebbi ya nuna abin da ke cikinta. A bayanin da na rubuta musu a allo na ce jiharmu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai fadamu, ana noman shinkafa ana kamun kifi. Haka na kwaso daga littafi, kuma gaskiya ne a Argungu da Birnin Kebbi. Ina rubuta wannan, duwatsun Zuru na tsaye suna kallona ta taga.

Ranar Litinin na buɗe littafin Asabe na ga wani abu daban. Babu iyakar jiha, babu Kwara, babu Birnin Kebbi. Ta zana tuddai, da wani layi mai karkace-karkace, da ’yan da’irori, da wasu gajerun layuka jere-jere a jikin tudun. A ƙasa ta rubuta da ɗan Turancinta cewa Kebbi ƙasar duwatsu ce. Na zana mata ƙaton sifili da jan biro. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na ɗaga littafin sama na ce, “Ku zo ku ga sabuwar jiha da aka ƙirƙiro jiya, Jihar Asabe. Ku gaida gwamna.” Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa har wani daɗi na ji, don ba kullum nake samun su yi dariya da maganata ba. Ita ba ta yi kuka ba, ta zo ta karɓi littafinta da hannu biyu ta koma ta zauna.

Daga ranar sunanta ya koma Gwamna. A fili, a bakin rijiya, har a hanyar gida. Ta ƙara kamar mako biyu tana zuwa, daga nan kujerarta ta zama wurin ajiye tsintsiya. Na ce wa kaina ai mutanen tudu haka suke, ubanta ya janye ta don aikin gona, har na tsaya a ofis ina zagin iyayen da ba su san darajar ilimi ba. Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani. Ban taka ƙafa na je gidansu ba, tafiyar da ita take yi kullum sau biyu.

Ina faɗa miki wannan ne don na san bakinki, Rahila. Nawa kika ɗauko, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kina iya sa mutum dariya har ya riƙe ciki, kuma kina iya yanka shi da kalma ɗaya kina murmushi, ƙannenki shaida ne. A gida wannan gishirin hira ne. A aji kuwa kalmar malami ba ta tsayawa inda ya ajiye ta, yara arba’in ne za su ɗauka su kai ta gari. Ki yi wasa da su, ki tsokani kanki, ki tsokane ni ma in kina so, amma kada ki taɓa sayen dariyar aji da mutuncin yaro ɗaya.

Mako biyu da suka wuce na shiga kasuwa neman dawa, don kin san ’yar gonata ta gangaren Dabai ba ta taɓa ciyar da mu ba, kowace damina ruwa ke kwashe ƙasar ya bar mini tsakuwa. Na tsaya gaban wata mata mai ƙiba da fara’a, tana zaune bayan buhunan hatsi da tiya a hannu. Na yi ciniki, ta auna ta ƙara mini gyara mai yawa. Sai ta ce, “Malam, ba ka gane ni ba ko?”

Na ce, “Ki yi haƙuri, ɗiyata, idon ya tsufa.”

Ta ce, “Ni ce Gwamna.”

Na sake duban fuskarta, sai na gane ta. Ta jawo mini benci na zauna, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi Mamanki. Ta ce aure ya kai ta Dirin Daji, can take sayen hatsi ta kawo Zuru ranar kasuwa, Allah ya rufa mata asiri, ’ya’yanta biyar. Ta ce ta ji labari wai ɗiyar Malam za a kawo makarantarsu, kuma autarta Godiya za ta shiga aji ɗaya bana. Nan ne ta yi mini maganar zango ɗaya. Ta ce, “Sauran duk maza ne, fatarsu da kauri. Wagga kuwa ni ta biyo, ba ta da baki. In na ga ta fara dawowa gida tana ɓoye littahinta, ba ni jiran kowa, wurin awo za ta zamna.”

Na ce, “Asabe, ashe ba babanki ne ya cire ki ba?”

Ta yi dariya ta ce, “Baba har dukana ya yi don in koma. Ni ce na ƙiya.”

Na cire hulata a tsakiyar kasuwa na roƙe ta gafara. Ban san yadda kalmomin suka fito ba, na dai faɗa. Ta ce, “Haba Malam, mai da hularka, mutane na kallo. Na yahe tun da daɗewa, ko a coci an ce mu yahe. Abu guda dai ya tsaya mini. Har yau ba ka tambaye ni mi na zana ba.”

Gaskiyarta. Ko a wannan zaman, ina ta neman a yafe mini, bai zo mini a rai in tambaya ba. Na ce, “To, me kika zana?”

Sai ta zuba dawa a faifai ta baje ta da tafin hannu, ta fara ja da yatsa. Ga tudun garinsu, ga na maƙwabta. Layin nan mai karkacewa ƙorama ce, ta nuna inda take ɓullowa da inda ake tsallake ta da damina in ba a son ruwa ya tafi da mutum. Da’irorin rumbuna ne. Gajerun layukan kuwa jeren duwatsu ne da suke yi a gangare, ɗaya ƙasa da ɗaya, don ruwa in ya gangaro ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗebo. Ta ce ba ta da littafin taswira, ta kuma ji kunyar roƙo, sai ta hau dutsen bayan gidansu ranar Asabar ta zana abin da idonta ya gani, tunda an ce mata nan ma Kebbi ne. Ba ta manta ko layi ɗaya ba. Mutum biyu suka zo sayen hatsi ta ce su dakata tana darasi. Ni da na koyar da zaizayar ƙasa sau ba adadi, a kan faifan nan na fahimci abin da ke cinye gonata. Taswira ce ta gaske, Rahila, ita kaɗai ce a ajin nan da ba a kwafa ba, ita kuma na ba sifili.

Na dawo gida da dawa a kafaɗa, raina a sake kamar an sauke mini kaya, ko da yake na san abin da na hana ta ba zai dawo ba.

Ga roƙona. Kada ki nuna wa Godiya kin san wannan labari, kada kuma ki fifita ta a kan sauran, yara na gane son kai da wuri kuma ita za su huce a kanta. Ki riƙe ta kamar kowa. Amma duk ranar da kika buɗe littafinta, ko na wani yaro, kika ga abin da bai yi kama da amsar da ke hannunki ba, ki ajiye jan biron tukuna. Ki kira mai littafin gefe, ba a gaban aji ba, ki ce ya gaya miki abin da ya yi. Wataƙila kuskure ne, sai ki gyara masa a hankali. Wataƙila kuma ya hau dutse ne ya ga abin da ke da littafinki ba ku gani ba. Ni sai da na yi kusan shekara talatin kafin in yi wannan tambaya. Ke zango ɗaya aka ba ki.

Ki kula da kanki. Kada ki yi tafiya in rana ta yi sanyi, kin san yadda hanyoyinmu suke yanzu, kuma kada ki hau mashin ɗin wanda ba ki yarda da shi ba. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya kiyaye fitarki da shigarki, ya ba ki haƙuri da yaran mutane, ya tsare bakinki, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Malam Ishaku.